Maganin Tarin Maigida

Maigidana direba ne. Yana ɗaukar mutane da kaya daga Gure zuwa Bune ranar kasuwa, wani lokaci har Damagaram. Tun kafin a kawo ni gidansu yake shan sigari, amma bai taɓa kunna ta a cikin gida ba saboda mahaifiyarsa da muke zaune tare, wadda muke kira Iya. A tasha yake sha, ya tauna goro, ya kurkure baki, sannan ya yi sallama. Ni da ke wanke masa riguna na sani. Iya kuwa, ko ta sani ko ba ta sani ba, ba ta taɓa ɗaga maganar ba.

A shekarar da aka yaye yaronmu tari ya tsananta wa maigida. Yaron nan ɗan fari ne, don haka ba na kiran sunansa, ba na masa wasa a gaban mutane, kuma tun da aka yaye shi ɗakin Iya ya koma da kwana. Ita ke masa wanka, ita ke dama masa fura, tana kiransa angona. Ni sai dai in kalle shi da gefen ido ina tankaɗe. Na yarda ni mai fargaba ce. In ya yi atishawa a ɗakin Iya, ni ce ba na iya cin abinci a nawa ɗakin. Amma ban taɓa bari an gani ba, don uwata ta ja mini kunne a kan haka kafin in haihu.

Wata rana maigida ya dawo daga Damagaram da wani ɗan ƙarfe kamar ƙaramar tocila, da 'yar kwalba a kansa, da ruwa a ciki launin zuma. Ana sa shi sharji kamar salula. In ya zuƙa sai farin hayaƙi ya fito da ƙamshin mangwaro. Ya ce mini sigari ce ta lantarki, da ita zai rabu da waccan. Kwalbar kuma tanki ake ce mata, kamar na mota. Na ce Allah ya sa, da zuciya ɗaya na faɗa, don tarin nasa yana hana ni sukuni.

Da yake ba ta warin taba, sai ya saki jiki yana zuƙa a bayan turken awaki. A nan Iya ta same shi da hantsi, hayaƙi na fita ta hancinsa. Ina kusa, ina shanyar wanki.

"Mene ne wannan a bakinka?"

Ya sunkuyar da kai kamar ƙaramin yaro. "Maganin tari ne, Iya. A Damagaram na samo."

"Maganin tari da hayaƙi?"

"Irin na zamani ne. Kamar turare ne da ake yi wa mai mura."

Iya ta san turaren mai mura, ita kanta tana yi mana da ganye da garwashi a lulluɓe cikin zane. Ta karɓa ta shinshina, ta ce kai Nasara bai bar komai ba, ta sa masa albarka. Ya ɗago ya kalle ni. Na ci gaba da shanyata. Ɗa ba ya ce wa uwarsa ga taba a hannunsa, na san wannan, ban ga laifinsa ba a ranar.

Abin da ya ƙara ɗaure maganar shi ne tarin ya ragu da gaske, tun da ya bar waccan. Iya ta dinga ba maƙwabta labari. Duk gidan aka koma cewa magani. Ina maganin maigida, an cire maganin daga sharji, kada a taka maganin. Ni ma haka nake cewa.

Sai tankin ya tsage. A hanyar Bune motar ta faɗa rami cikin rairayi, abin ya yi tsalle daga gaban sitiyari ya bugi ƙarfe. Tsagar siririya ce kamar gashi, sai ka ɗaga ta ga rana za ka gani, amma ta nan ruwan ke tsattsafowa. Aljihun rigarsa ya yi danƙo, matashin kai ya yi tabo. Ran nan ina goge tankin ruwan ya taɓa mini yatsa, na kai baki ba da tunani ba, don ƙamshin ya ce mini zaƙi ne. Harshena ya ɗauki ɗaci da yaji, maƙogwarona ya yi ta ƙaiƙayi har azahar. Na tofar, na kurkure.

Iya da kanta ta fara gyaran. Ta ce magani mai kyau haka ba a bari ya zube. Ta jiƙa ƙaro, irin wanda take sa wa tawada, ta shafe tsagar da tsinken tsintsiya, ta ajiye a inuwa ya bushe. Ya yi kyau har zuwa la'asar. Da maigida ya zuƙa kwalbar ta ɗumama, ƙaron ya saki, ya zama majina a hannunsa. Shi kuma ya yanko siririn kaushu daga tsohuwar tayar babur ya naɗe ta tam, sai ruwan ya bi ƙarƙashin kaushun ya fito ta gindi. Daga nan ya sayo kol, gam ɗin nan mai kama yatsa.

Bai kai ga sawa ba abokinsa ya zo. Malami ne a lakwal, makarantar boko, ana ce masa Mushe, Bafillace daga wajen Tawa da aka turo aiki nan, shi ma yana shan irin wannan. Suka zauna a zaure, na kai musu tuwo, na tsaya bayan ƙyaure ina jiran kwanuka. Mushe ya ga kol ɗin ya yi dariya.

"Kai Babarbare, huhunka kake so ka liƙe? Duk abin da ka shafa a nan, shi za ka zuƙa."

"To me zan yi, ɗan nagge? Na sa ƙaro bai riƙe ba."

"Ƙaro? Allo ne? Bawana, kawo in gani."

Ya zaro tasa daga aljihu suka jera a tabarma. Tasa babba ce, mai faɗi kamar sabulun wanki, tankinta na cikin kejin ƙarfe, ko ta faɗi kwalbar ba ta taɓa ƙasa. Ya ce ta maigida mai sauƙin riƙo ce amma tsirara take, ba ta mai tuƙi a rairayi ba ce. Maigida ya ce tasa kuwa sai ka ce dutsen niƙa, in ya sa a aljihu wando zai zame. Mushe ya ce akwai wadda ake sha a yar, ba a zuba mata ruwa, amma wannan ta samari ce masu son a gan su. Ya kwance ta maigida, ya nuna masa wani siririn zobe na roba a bakin kwalbar, ya ce juwan sunansa, shi ma ya gaji, zafin mota ya cinye shi. Ba liƙi za a yi ba, sabuwar kwalba da sabon juwan za a sa, sai an aiko daga Damagaram. Kafin nan kada ya cika ta, kada ya kwantar da ita, ya tsayar da ita a cikin kofin shayi ya tare abin da ke ɗiga.

Yana wanke hannu ya ƙara da cewa, "Ka ɗora ta sama. Ruwan nan taba ce tsantsa aka tace. Kaɗan ma in ya shiga cikin yaro, sai dai likita, in an yi sa'a."

Maigida ya ce to, yana suɗe yatsa. Ni kuwa a bayan ƙyaure na ji komai. Da muka kaɗaita na ce masa ya bar ta a mota. Ya ce a mota rana za ta dafa ta. Na ce to ya gaya wa Iya ko mene ne.

"Ke kina da hankali? In ce mata me?"

"Ka ce ba na yara ba ne."

"Wa zai ba yaro? Ke dai kullum zuciyarki a tafin hannu take."

Ya ɗora kofin a kan taga, inda yaron ba ya kaiwa, ya ga ya gama. Ruwan ya yi ta taruwa a gindin kofi, ja-ja, gwanin kyau.

A cikin kwanakin ne yaron ya kama tari. Ina jin sa ta bango. Iya ta ba shi zuma, ta yi masa turare, tarin bai tsaya ba. Ranar kasuwar Bune maigida ya fita da abarsa a aljihu, ya bar kofin a taga. Na tafi famfo ɗiban ruwa. Da na dawo, tun ban sauke bokiti ba na ga Iya zaune a gindin darbejiya, yaron a cinyarta, kofin shayin a hannunta. Ta tsiyaya masa ruwa kaɗan tana juyawa da ƙaramin cokali.

"Zo ki riƙe mini hannuwan angon nan," ta ce. "Ragowar maganin babansa ne, ga shi yana lalacewa a banza. Wanda ya warkar da babba ai ba zai gagara ga ƙarami ba."

Ban san lokacin da bokitin ya bar kaina ba. Na fizge kofin na watsar da shi cikin rairayi, na tura ƙasa da ƙafa na rufe. Na ɗauke yaron daga cinyarta, na buɗe bakinsa ina shinshinawa.

"Ya sha?"

Iya ta bi ni da kallo kamar ba ta san ni ba. "Yau kuma ke ce mai ɗa?"

"Iya, ya sha ko bai sha ba?"

"Cokalin kawai ya lasa. Wace irin rashin kunya ce wannan, 'yar nan? Daga cinyata?"

"Ba magani ba ne, Iya. Taba ce. Ɗanki taba yake sha, tun kafin in zo gidan nan. Wannan ruwanta ne, kuma yana kashe yaro."

Maƙwabciyarmu na tsaye a bakin katanga, ta ji duka. Na gan ta, ban sassauta murya ba. Na wanke wa yaron baki, na goya shi, na fita da shi tsakar rana ta gaban masu shayi da masu faci, ni da ban taɓa goya shi a titi ba tun da aka yaye shi. A gidan likita na kasa bayani, sai na ce ruwan sigarin lantarki ne mai ƙamshin mangwaro. Matar da ke duba yara ta gane. Ta duba idonsa, ta taɓa ƙirjinsa, ta ce mu zauna a nan ta sa masa ido. Ya yi amai sau ɗaya, ya yi kuka, daga baya ya nemi ruwa. Sai bayan la'asar ta sallame mu, ta ba mu siro na tarin, ta ce na yi daidai da na kawo shi.

A gida ba wanda ya ce na yi daidai. Maigida ya riga mu dawowa, labari ya tare shi tun daga tasha. Ya karɓi yaron ya duba shi sosai. Ya sauke shi, sannan ya shigo ɗaki ya ja ƙyaure.

"Kin tuɓe mini wando a gaban uwata."

"Kai ka ɗinka shi da ƙarya."

"Ba sai ki ce na manya ne ba? Dole sai kin ce taba?"

"Ai don na manya ne ta rage masa ƙarfi da ruwa. Da ban ce taba ba, gobe in na tafi famfo za ta sake."

"Yanzu da wane ido zan kalle ta?"

"Da wanda za ka kalle ta da yaron ya shanye kofin."

Ya buɗe ƙyaure. Ya fita bai ci tuwo ba.

Iya ba ta ce wa ɗanta komai ba, ko a ranar ko bayanta. Ya gaishe ta da safe ta amsa kamar kullum, shi ne dai ya daina haɗa ido da ita. Ni ce ta daina amsa wa. In na durƙusa na ce ina kwana, sai ta juya ta yi wa akuya magana. A famfo mata suka sa mini suna mai ɗa. Wata ta ce a zamaninsu ko ɗan fari ya faɗa wuta, uwa sai ta jira wani ya ciro shi. Na ce mata Allah ya ji ƙan na zamaninku, na ɗauki bokitina.

Sabuwar kwalbar ta iso da juwan ɗinta, wani direba ya kawo. Maigida ya zauna a zaure ya wanke ƙarfen, ya shanya, ya sa zoben a gurbinsa, ya murɗa a hankali yadda Mushe ya nuna masa. Ya kifa ta, ya girgiza, ya goga a farin ƙyalle, ko ɗigo babu. Ya kira ni in gani.

"To, yanzu ba ta yoyo. Sai ki kwantar da hankalinki."

"Ta yi kyau. Amma ba za ta wuce zauren nan ba, ita da kwalaben ruwanta."

"Gidana ne ko naki?"

"Naka ne. In ta shiga, duk wanda ya tambaye ni mece ce zan faɗa masa, ko liman ne."

Ya daɗe yana juya ta a hannu. Daga baya ya samo akwatin ƙarfe mai kwaɗo ya ajiye wajen mai shayin tasha, can take kwana har yau.

Bayan Juma'ar da ta biyo, ina tsakar gida ina wanke shinkafa, Iya ta fito daga ɗakinta da 'yar tabarmar yaron, da rigunansa a ƙulle cikin zane, da ƙaramar ƙwaryar furarsa. Ta dire su a ƙofar ɗakina. Maƙwabciya na nan, da wata ƙanwar Iya da ta zo daga Alakos.

"Tun da na zama mai ba jikana guba," ta ce, ba ni take kallo ba, "ga kayan ɗanta nan. Ta riƙe abinta mu gani."

Ƙanwar tata ta yi mini ido. Na san abin da ake jira: in durƙusa, in ce wane ni, yaro naki ne Iya, in mayar da kayan da hannuna. Na san kuma Iya ba da mugunta ta ɗauki cokalin nan ba, kuma za ta yi kewarsa fiye da yadda za ta iya faɗa. Na ɗauraye hannuna na goge a zane. Na durƙusa ɗin, na ce na gode, Iya. Sannan na kwashi kayan na shiga da su ɗaki, na shimfiɗa tabarmarsa kusa da gadona.