Direban da Inna Ba Ta Ga Idonsa Ba

Ƙanena ya daɗe yana kiran kansa matuƙin jirgin sama, alhali ko ƙofar filin jirgi bai taɓa shiga ba. Sana'arsa fito da takardun manyan motoci ce a bakin boda. Da aka rufe hanya aiki ya tsaya, sai ya kwashe tabarmin zauren gidanmu ya girka shirmensa na wasan tuƙin jirgi: allunan kwamfuta uku da ya samo a Maraɗi, ɗaya a gaba, ɗaya dama, ɗaya hagu, wai tagogin jirgi ne. Kujerar ma daga wata matacciyar mota ya ciro ta. Ƙato da gemu, uban 'ya'ya, ya toshe kunne yana neman izinin sauka a wurin mutanen da babu su.

Ban damu ba, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Sai da ya sako Inna a ciki.

A shekarar ne muka haɗa hannu muka biya mata kujerar Makka. Ta yi murna har da hawaye, amma da tafiya ta matso sai ta fara noƙewa, wai jirgi. Inna ba matsoraciya ba ce. Rabin rayuwarta a safarar atamfa tsakanin Jibiya da Maraɗi ta yi shi. Ƙa'idarta guda ce: ba ta shiga mota sai ta zagaya ta kalli idon direba. In ta ga ja, ko ta ga rawar kai, sai ta sauke ƙullinta ta jira ta gaba, ko da rana za ta faɗi. Ni da ƙawayenta mun kusa shawo kanta da lallashi, sai ga gwani ya tsoma baki.

"Yaya, ku bar ni da ita. In ta zauna ta ga yadda ake tashi da sauka, tsoro ya ƙare."

Na ce ya rufa mana asiri. Ina, ya riga ya kafe.

Ya kuma san kayansa ba lafiya. Katin da ke tura hoto daga akwatin kwamfutar baki uku gare shi, amma ba iri ɗaya ba, don haka da wata 'yar mahaɗa ta kasuwa ya jona allon hagu. Kullum yana kawowa yana ɗaukewa, shi kuma yana dukan tebur.

Bayan la'asar ya zaunar da ita kusa da shi, jirgi ya tashi. Ba zan ƙi gaskiya ba, abin ya yi kyau. Gonaki suka koma kamar facin zane, gajimare na wucewa ta gefe. Inna ta saki jiki har tana leƙen tagar hagu ko za ta hango dam ɗinmu. Sai tagar ta yi baƙi ƙirin. Ta tsakiya ta daskare, ta dama ta shiga ƙyafta ido.

"Mi ya hwaru?" in ji Inna.

Mai hankali cewa zai yi wuta ce ta yi ƙasa. Shi kuwa gyara zama ya yi zai nuna ilimi.

"Ba komai, Inna, direba ne ya rikice. Ya tsufa, ba ya iya riƙe allo uku, sai an sake shi."

Daga baya na ji cewa a bakin 'yan kwamfuta direba wata 'yar manhaja ce da ke sa kati da na'ura su ji maganar juna. To amma a Jibiya ya faɗe ta, a gaban matar da ta yi ta'aziyyar abokan safara saboda direbobi.

"Ashe ba kai ka tuƙin ba. Ina shi direban?"

"Yana cikin akwatin nan, ba a ganinsa."

"To na gaskiyar hwa, wanda za shi kai mu, ana ganin idonai?"

Na harare shi, na yi tari, na taka masa ƙafa. Bai ko waiwayo ba.

"A'a, su ma a kulle suke, ba mai shiga wurinsu."

Inna ta miƙe, ta gyara mayafi, ta laluba takalminta. Ni ta kalla, ba shi ba.

"Ɗiyata, ku ba wani kujerar."

Ba wanda ba mu kawo ba, har limamin unguwa. Amsarta ɗaya: tsoho, a kulle, ya rikice a sama ba mai sani. Muka ɗaga sai baɗi. Kafin baɗin ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta, bayan damina kuma ta rasu. Ta yi ta cewa kira ne bai zo ba, na kuma yarda. Amma haushin wannan bakin nasa bai bar ni ba har yau.

Shi ko ya sami sabon direbansa, ya sake wayar allon hagu, alluna uku suna aiki tangaran. Kwanan baya ya leƙo ɗakina baki har kunne, wai in zo in gani, ya sauka Jidda lafiya, ko girgiza babu.

Na ce masa ya kyauta, tunda ya isa, ya ƙarasa ya yi wa Inna ɗawafi.