Saniyar da Hambali Bai Taɓa Gani Ba

Shekara goma sha ɗaya na yi ina buɗe ƙofar ruwa a babban kanal ɗin da ya ratsa tsakanin Kura da Bunkure, kuma in dai maganar sammako ce, mutum ɗaya ne yake riga ni zuwa bakin ruwan nan: Hambali Mai Fenti. Ni aiki ke kai ni. Shi kuwa har yau ban san sunan da zan ba wa nasa ba. Da an sallame sallar Asuba sai ya jingine kekensa, ya hau kan ginin kanal ya zauna, ya shimfiɗa takardar buhun siminti a cinya, ya ɗauki guntun gawayi, ya zuba wa balbela ido kamar bai taɓa ganin tsuntsu ba.

"Hambali," nakan ce masa, "balbelar jiya ce fa, ba a canza ta ba."

"Kai dai buɗe ruwanka, Iliyasu," yakan ce, ko ɗago kai ba ya yi. "Jiya a ƙafar hagu ta tsaya."

Ɗan marina ne. Ubansa da kakansa rawani suke rinawa a Kura, shi ma an tsoma hannunsa a baba tun yana ƙarami. Amma launi ɗaya ya yi masa kaɗan, sai ya bar karofi ya kafa rumfa a bakin titi, inda manyan motoci masu bodin katako ke lodin kwandunan tumatir zuwa kudu. A nan yake zanen bayan mota, da allon masu shayi, da jirgin sama a bangon gidan wanda ya dawo daga aikin Hajji. Gwangwanayen madara ne jere a gabansa, kowanne da haɗinsa. Kore kaɗai kala bakwai yake da shi, domin a wurinsa koren alkamar Kadawa da aka ba ruwa jiya daban, na wadda ta kwana uku ba ruwa daban, na ganyen albasa kuma ba ya cikin lissafinsu. Ni da nake ba gonakin ruwa da hannuna, wallahi sai da ya nuna mini sannan na gani.

Aibinsa ɗaya, in aibi ne: ba ya zana abin da idonsa bai gani ba. Wani direba, Baballe, ya taɓa cewa a yi masa zaki a bayan mota, irin mai buɗe baki da ake yayi. Hambali ya rufe rumfa, ya shiga mota zuwa gidan zu a Kano, ya yini a gaban keji. Ya dawo ya zana zaki yana sharar barci, ƙuda biyu a kan hancinsa. Baballe ya yi ta tsalle yana cewa an mai da shi abin dariya a tasha. Hambali ya ce, "Haka na same shi. In kana son mai ihu, je ka tashe shi." Ba a yi wata biyu ba motar ta yi suna har Ikko, masu kaya suna cewa a ba su mai zaki mai barci, Baballe kuwa ya koma yana faɗa wa mutane wai shawararsa ce.

Ana cewa ba a rasa nono a ruga. To, a 1983 an rasa. Annobar shanu ta shigo ƙasar, ta share garke bayan garke. Daga cikin waɗanda ta yi wa ƙarƙaf akwai Dattijo, wani tsohon Bafulatani da ke zaune a bayan Bunkure, wanda muka saba da shi domin a kusa da ƙofar ruwan da nake buɗewa yake shayar da shanunsa. Arba'in da biyu yake da su. Cikin mako uku ko maraƙi bai rage ba. Daga ranar da aka binne ta ƙarshe Dattijo ya zauna a gindin tsamiyar ƙofar gidansa, ya fuskanci turakun da ba kowa, bai ƙara taka ƙafa ya wuce nan ba. Ba ciwo yake yi ba. Abinci sai an yi da gaske yake kai loma biyu. Kowa ya gan shi ya san in ba a yi wani abu ba, ba zai ga damina ba.

Matarsa, Inna Saude, ita ta zo har rumfar Hambali, da ƙwaryar da ta saba tallan nono a ciki, yanzu kuɓewa ce a ciki. Ina wurin, na kawo masa keke zai rubuta mini suna a jiki.

"Ɗan nan," ta ce, "an ce kana yin saniya a jikin mota kamar ta yi kuka. Akwai wata da Baffanka yake kira ko cikin barci, Wule. Ita ce uwar garke. Ka yi masa ita, ko ya samu abin kallo ya bar kallon turke."

Na tabbata zai ce a'a, tunda bai taɓa sanin saniyar ba. Ya daɗe yana goge buroshi da tsumma. Sannan ya ce, "Inna, gobe ina zuwa."

Tare muka je. Hambali ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baffa, yaya kamannin Wule suke?"

Dattijo ya dube shi kamar ya tambaye shi kamannin ruwa. Ya ce, "Ja ce, da farin goshi. 'Yar Saige ce. Ita kuma Saige ta fito ne daga tsatson wadda mahaifina ya ba ni ranar da aka yi mini aski." Daga nan ya kama jero uwaye da kakanni har bakwai, da wadda ta haifi tagwaye, da wadda kura ta ciza a shekarar fari. Hambali ya tambayi ƙaho, aka ba shi tarihi. Ya tambayi tozo, aka ƙara masa tarihi. Muka taso da asalin saniya kaf a kanmu, amma ba mu san ko doguwa ce ko gajeriya ba.

Hoton a bayan faifan kwanon rufi ya yi shi, yadda za a iya ajiye shi a waje, domin Dattijo ya ce ba za a sa masa hoto a ɗakin da yake salla ba. Jar saniya, farin goshi, ƙaho biyu daidai wa daida, jiki luƙui-luƙui. Ni dai da na gani na ce ko a kasuwar Wudil ba a samun irinta. Muka ɗaure a keke muka kai. Dattijo ya kalla sau ɗaya ya ce, "Sannu da aiki. Saniya ce kam." Ya mayar da idonsa kan turke.

Na biyu ma haka, bayan Hambali ya sake tatsar Inna Saude da tambayoyi, ya lanƙwasa ƙahon dama, ya rage tozo. Wannan karon ko "sannu" ba mu samu ba. A hanyar dawowa Hambali ya tsaya a bakin kanal ya ce, "Na yi ƙarya sau biyu, Iliyasu. Shanun mutane na harhaɗa na kai wa mutumin da ya san tasa kamar yunwar cikinsa." Ban taɓa ganinsa cikin ɓacin rai irin na ranar ba, kuma na ji tausayinsa ƙwarai. Mako guda bai karɓi aikin mota ba, ga kakar tumatir ta kama, direbobi na ta zarya.

Inna Saude ce ta sake ɓullo da magana, a hankali, tana waige-waige. Ashe Wule tana da 'ya a raye. Shekara biyar da suka wuce Dattijo ya ba wani abokinsa, Isiyaku, da ke wajen Garun Mallam, aron karsana irin na al'adarsu: mutum ya riƙe ta har ta haihu sau uku, 'ya'yan nasa ne, sannan ya mayar da uwar ga mai ita. Annoba ta cinye na Isiyaku ma, sai wannan saniya da maraƙinta ɗaya Allah Ya tsirar. Isiyaku ya aiko har sau biyu cewa zai dawo da ita. Dattijo ya ce haihuwa biyu ta yi, da saura ɗaya, kuma yaran gidan nononta suke sha, shi ba zai zama mutumin da ya karɓe aro kafin lokaci ba. Ya hana a ƙara ambaton ta a gidansa. Taurin kan tsohon nan, in ka ji, sai ka rasa yabonsa za ka yi ko faɗa.

Hambali ya ce, "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In na ga 'yar, na ga uwar."

Kwana uku ya yi a rugar Isiyaku. Yana bin saniyar duk inda ta juya da takardunsa, ya zana ta a tsaye, ya zana ta tana tuƙa, ya zana yadda take karkatar da kai in ta ji motsi. Da ya dawo ya shige rumfa ya ja buhu ya rufe ƙofa. Ja kaɗai sai da ya haɗa kala huɗu, har da wani da ya ce na ƙasar bakin kanal ne in ruwa ya janye. Rana ta biyar ya kira ni.

Na duba. Saniyar tana da rai, wannan ba musu, har kana jin kamar za ta kaɗa kunne. Amma ga haƙarƙari ana ƙirgawa, ga ƙashin ƙugu a waje, gashin wuya ya tashi, ciki kuma ya ɗan sauko gefe guda.

"Haba Hambali!" na ce. "Mutumin da baƙin ciki ke ci za ka kai wa wannan? Ƙara mata nama mana. Fenti ne fa, ba dusa za ka saya ba."

"Na ƙara sau biyu, ka ga abin da ya biyo baya," ya ce. "Ɗauko igiya."

Da hantsi muka isa. Dattijo yana inda muka bar shi, ya ƙara zubewa, rigarsa ta yi masa yawa. Hambali ya jingine faifan a jikin turke, ya ja da baya ya tsuguna, ya ce, "Baffa, ga Wule."

Tsohon ya kalla. Wannan karon bai kau da kai ba. Ya daɗe, har na fara jin kukan injin ban-ruwa daga nesa. Sannan ya miƙa hannu, Inna Saude ta matso masa da faifan, ya bi layin wuyan da yatsa, ya sauka kan haƙarƙarin yana taɓa su ɗaya bayan ɗaya.

"Ba Wule ba ce," ya ce.

Na dubi Hambali, na ga ya sunkuyar da kai. Na ce a raina shi ke nan, an yi na uku a banza.

"Wannan 'yarta ce. Kan uwarta ne, amma ƙafar ta ubanta ce." Muryarsa ta fara tashi. "Wa ya bar ta ta koma haka? Dubi gashinta! Wannan ta yi wata nawa ba ta lashi kanwa ba? Kuma ciki gare ta, ga shi nan, ya kai wata biyar. Kai yaro, haka ka gan ta, ko hannunka ne ya kauce?"

"Haka na gan ta, Baffa. Isiyaku yana iya ƙoƙarinsa, amma ciwon ƙafa ya hana shi nisa. A bayan gida take yini, inda ba ciyawa."

"A bayan gida!" Dattijo ya dafa tsamiya. Sau biyu yana yunƙurawa yana komawa, na miƙa hannu ya ture. A na uku ya miƙe. "Saude, akwai sauran kanwa a rumbu? Ɗaure mini. Ki dama fura kuma, ba zan yi tafiya da cikin wofi ba."

Inna Saude ta shige gida da sauri, tana share ido da gefen mayafi. Ni ma dai na juya ina gyara sarƙar keken da ba abin da ya same ta. Furar nan a gabanmu ya shanye ta, ya kuma nemi ƙari.

Ya so ya tafi a ƙafa, da ƙyar muka lallashe shi ya hau bayan keken Hambali zuwa titi, daga nan muka samu a-kori-kura mai zuwa Garun Mallam. Hoton kuwa a jikin turke aka bar shi, ba wanda ya ƙara bi ta kansa, har shi mai zanen. Duk hanya Dattijo faɗa yake yi, yana lissafa inda ciyawa take a gefen gonakin alkama, da wanda zai roƙa harawa.

Isiyaku ya fito yana ɗingishi, ya gan mu, ya ga wanda ke tsakiyarmu. Ya juya zai kwance saniyar, yana cewa, "Alhamdu lillahi, ka zo ka tafi da abarka, dama nauyinta ya ishe ni."

Dattijo bai kula shi ba. Ya zagaya bayan gidan inda take ɗaure, ya tsaya nesa kaɗan, ya yi wani kira da harshensu, can ƙasa-ƙasa. Saniyar ta ɗago, ta karkatar da kai, ta tako har inda igiya ta tsayar da ita. Ya kwance ƙullin kanwa ya miƙa mata a tafin hannu, tana lasa yana shafa wuyanta.

"Bar igiyar nan, Isiyaku," ya ce, bai waiwayo ba. "Ban zo karɓa ba, da saura haihuwa ɗaya. Kiwo na zo taya ka. A nema mini inda zan shimfiɗa buzu."