Takobin Kakanta

A kasuwar tsofaffin makamai ta birnin Solingen, Ottmar mai duba takubba yana lura da wata tsohuwa da ta zagaya teburinsa sau uku ba ta tsaya ba. Ta rungume wani dogon abu naɗe cikin labule, kamar mai tsoron a fizge. Kwat ɗinta ta koɗe amma ta sha guga. Yatsunta jajur, irin na wadda ta ƙarar da ƙuruciyarta tana goge-goge a gidajen mutane.

A zagaye na huɗu ta ajiye, ta warware. Takobin sojan doki ne na zamanin Kaisa, sarkin ƙasar na dā, sai walƙiya yake yana kashe ido.

"Ba na sayarwa ba ne, ɗana," in ji ta. "Na kakana ne. Ya tafi yaƙi bai dawo ba, takobin kawai aka aiko. An ce kana karanta lamba. In na san rundunarsa, zan san inda zan nemi kabarinsa."

Ya ɗora gilashinsa mai ƙara girman rubutu a gindin ƙota, inda ake buga lambar runduna. Wurin sumul yake, babu lamba, sai sabon karcen sanfefa. Ya juya kube, nan ma haka.

"Mama, wa ya taɓa shi?"

Ta gyara tsayuwa, ta yi murmushi a karon farko.

"Ni mana! Kwana uku ina dirza. Da wannan tsatsar zan kawo maka shi, ka ce mu ƙazamai ne?"