Tifar Sharar Da Na Sa Wa Hannu

Maƙwabta suna da haƙƙi a kan kowace masana'anta: ta san abin da take fitarwa ta ƙofarta, ta kuma faɗa wa mai karɓa gaskiyar abin da ya karɓa. A masana'antar leda da na yi wa aiki a Challawa, a farkon shekarun 1980, wannan haƙƙi a wuyana yake, domin ni ne akawun ƙofa. Shi ya sa har yau ban manta da ranar da Malam Habu ya juye mini kwando a kan tebur ba.

Ga yadda aikin yake, saboda matasanmu da ba su riski zamanin ba. Babu motar da ke fita sai da takardar izini mai sa hannuna, kuma rajistata gida uku gare ta: kayan sayarwa, kayan gyara, da shara. Gutsattsarin ledar da injin ke zubarwa ba sa cikin ko ɗaya, domin niƙa su ake yi a sake narkawa. Shara kuwa a lokacin tana nufin tokar kicin, ragowar abinci da ganyen da aka share a harabar. Manoman ƙauyukan da ke kewaye da mu sun gaji kwasar irin wannan su kai gona a matsayin taki. Malam Habu, dattijo mai gona a bayan katangarmu, kowace bazara sai ya zo da jakunansa biyu.

A wata shekara injin niƙan ya lalace, kayan gyaransa suka gagara samu. Gutsattsarin leda suka taru, aka ce leburori su riƙa share su zuwa juji. Da Malam Habu ya zo kamar yadda ya saba, manaja ya ce a hutar da jakunan, a kai masa tifa guda kyauta. Direba ya kawo mini takarda, na rubuta "shara", na sa hannu. Ban tashi na leƙa bayan motar ba. Washegari dattijon ya aiko mini da ƙwaryar gyaɗa ta godiya, na kuma ci.

Ya ga ledar tun lokacin da yake baza takin. Bai damu ba, domin a saninsa duk abin da aka share ƙasa tana cinye shi. Ruwan farko na sauka ya yi huɗa, ya binne ta.

Cikin tsakiyar damina, wata Talata da hantsi, ya shigo ofishina da sallama, ya juye kwandon. Leda ce cakuɗe da laka, da tushen dawa guda uku waɗanda saiwarsu ta nannaɗe a cikinta.

"Malam akawu," ya ce, "tsumma ƙasa na ci. Ƙashin saniya ma, in ka yi haƙuri, tana ci. Wannan abin naku wata nawa yake yi kafin ya ruɓe?"

Na ce, "Baba, ba ya ruɓewa."

"Ko baɗi?"

"Ko baɗin baɗaɗa."

Ya dubi ledar da ke kan teburin. Sannan ya ce, "To, me ya sa kuka kira shi shara?"

A ranar na shiga wurin manaja da kwandon. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya tambaya, "Me ya roƙa?"

"Shara, ranka ya daɗe."

"Me ka rubuta?"

"Shara."

"To, ina laifin kamfani?"

Na ce laifin shi ne mu mun san abin da ke cikin motar, shi bai sani ba. Na koma na rubuta rahoto mai shafi biyu, na fara da nawa sakacin, na nemi abu biyu: a ƙara gida na huɗu a rajista domin leda kaɗai, a kuma tura leburori su tsince gonar. An amince da na farko. Na biyun aka rubuta a gefensa, "A ajiye tukuna."

Ma'aikatan injin ne suka ƙi ajiyewa. Yawancinsu 'ya'yan manoma ne daga ƙasar Gumel da Ringim da Damagaram, kuma da suka ga tushen dawar nan ba su nemi ƙarin bayani ba. Bayan girbi, Lahadi uku a jere, muka shiga gonar da fartanya da manjagara da buhuna. Malam Habu yana biye da mu da tulun ruwa.

"Akawu, fartanya ce fa, ba biro ba! Riƙe ta da hannu biyu."

Wani Badamagare ya ce, "Baba, ƙyale shi. Hannun nan ne ya jawo mana aikin, bari ya ɗanɗana."

Aka yi dariya, ni ma na yi, tafin hannuna duk ya ɗaye. Abin da muka iya tsincewa bai wuce kusurwar gabas ba. Sauran gonar ba ta ƙara ba da dawar kirki ba, ruwa na kwanciya a cikinta, fartanya na sarƙewa. Malam Habu bai kai ƙara ko'ina ba har Allah ya karɓi ransa. Ɗansa ne ke noma abin da ya rage, kuma ya shaida mini cewa har yanzu leda na fitowa duk sanda aka yi huɗa.

Abin da na koya shi ne, leda a bakin injin ake tare ta. In ta haɗu da ƙasa, sai dai a yi ta tsinta har tsufa.

Saboda haka, ya shugaba da membobin ƙungiyar tsofaffin ma'aikata, ina roƙo a kafa kwamiti ya duba kwafin rahotona da ke hannuna, ya je ya ga gonar da idonsa, ya kuma nemi masu masana'antar na yanzu su cika buƙata ta biyu da aka ajiye, su rubuta wa iyalan Malam Habu takardar ban haƙuri. Idan kwamitin zai fara sauraron shaidu, ina roƙon a fara da ni.