Bindigar da na goge

Ni dai tun ina yaro ba a san ni da zama wuri ɗaya ba. Kakarmu ta wajen uba, Hajiya Yalwa, ta yi sanyi biyu tare da mu a unguwar Small Heath da ke Birmingham, kuma ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe gari. Da an idar da magariba sai ta jawo kujera gaban hitar gas ɗin falo, wadda ta ce wuta ce marar kunya tunda ba ta ko hayaƙi, ta kira ni da yayata Hauwa mu ji tatsuniya.

"Ga ta nan, ta biyo ku har ƙasar sanyi," za ta ce.

"Ta shigo mu ji ta," in ji Hauwa. Ni kuwa ƙafata tana rawa, kunnena yana wajen yaran layi.

"Kai mai gidan nan nawa, ƙaya ce a kujerar?"

Kaka 'yar maƙera ce, don haka tatsuniyoyinta ba sa rabuwa da ƙarfe. Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta maharbin da ya mutu ya bar wa ɗansa bindiga mai baki biyu. Maƙerin da ya ƙera ta, murɗa baƙin ƙarfe da fari ya yi kamar mai kitso, ya naɗa, ya buga har suka zama bututu, sai zane ya fito a jikinta, ruwan ƙasa. Ɗan ya dubi zanen ya ce tsatsa ce. Ya samo yashi da toka kamar mai wanke tukunya, ya yi kwana bakwai yana dirza, har bindiga ta ɗauki ƙyalli, mutanen gari suka taru suna kallon fuskarsu a jikinta.

Iyakar abin da na sani ke nan. Kullum a daidai nan nake zamewa, ko in ce fitsari, ko in ce ana kirana. A wurina labari ya ƙare da daɗi: yaro ya yi aiki, gari ya yaba.

Babanmu likita ne, kuma shekaru bayan Kaka ta koma gida ya sayi wata tsohuwar bindiga ƙirar Birmingham, saboda ta yi kama da ta mahaifinsa. Ba ya barin kowa ya taɓa ta sai da tsumma da ɗigon mai. Da ya rasu bara na yi lasisi na kai ta gidana a garin Salford. A makonnin da suka biyo baya ban iya zama ba, ban iya karatu ba, hannuna yana neman abin yi. Wata Asabar na fito da ita, na ga ta yi duhu, na ji haushin yadda aka bar ta. Na sayo samfefa. Kafin la'asar tana walƙiya, ni kuma ina jin na yi wa Baba wani abu.

Na kai ta wurin wani tsohon Bature mai gyaran bindigogi a Birmingham don ya duba ko za ta harbu. Ya juya ta, ya auna kaurin bututun.

"Wa ya yi mata wannan?"

Na ce ni ne. Ya ce irin wannan murɗaɗɗen ƙarfe an daina yin sa tun da daɗewa, launin da na kankare kuwa na ainihi ne, ya fi shekara ɗari. Bututun da ma ya riga ya yi siriri, na ƙara cinye shi. In ina son harbi, sai ya yanke shi ya sa sabon ƙarfe, amma daga ranar ba ita ba ce.

A jirgin ƙasa na kira Hauwa, na ce ta ƙarasa mini tatsuniyar.

"Seriously, Habu? Yanzu?" Na gaya mata abin da na yi. Ta ce, "Ranar da yaron ya harba, bututun ya tsage. Ya je wurin maƙeri, aka ce maƙerin ya mutu, babu wanda ya iya irin aikin. Kaka takan ce ya zauna yana neman ko shatin yatsan babansa ɗaya a jikin ƙarfen, bai samu ba."

Kunya ta kama ni, da baƙin ciki irin wanda ban ji ba ko ranar jana'iza. Na daɗe ina ɗauka kula da abu shi ne a yi masa wani abu. Baba ya yi shekara ashirin yana kula da ita ta hanyar ƙyale ta.

Bayan kwana uku na koma. Tsohon ya cire katakon da ake riƙewa a ƙasan bututun, ya nuna mini wurin da samfefata ba ta kai ba. Zanen yana nan, bai fi faɗin yatsu uku ba. Ya tambaye ni ko ya yanke.

Na ce ya mayar da katakon, a bar ta haka.