Katafilar Kwali

A makarantarmu ta bayan Barnawa ba a dukan yara, kuma da wannan Madam mai makarantar take tinƙaho. Maza da mata benci ɗaya, ga ɗakin gwaje-gwaje, ga laburare mai fanka, har da wurin ninkaya da ruwansa ke komawa kore da damina. Iyayenmu, ma'aikatan gwamnati da manyan ma'aikatan masaƙa, sai hura hanci suke yi.

Duk shekara akan yi wasan tarihin makaranta. Labarin ba ya canzawa: Madam ta tarar da daji, ta kawo haske. Daji? Ƙarya ce wallahi! Gonar doya ce ta wani dattijo Bagwari, kuma da za a karɓe ta aka yi masa alkawarin autarsa za ta yi karatu kyauta. Ajinmu ɗaya da yarinyar, ta fi mu lissafi nesa ba kusa ba.

Muna aji uku malamin wasa ya ce ni ce bishiya, ita kuma mutanen daji. Za ta ɗaura tsumma, ta saɓa itace a kafaɗa yadda matan garinsu ke yi, katafilar kwali ta biyo ta, ta watsar da kayan ta ruga tana ihu. Ta ce ba za ta yi ba. Madam ta kira ta a gabanmu, murya a sanyaye.

"'Yata, nan ba ma tilasta wa kowa. Amma wanda ba ya son tarihinmu, ai ba ya son kujerarmu."

Ranar wasa ina tsaye da ganyen mangwaro a hannu, na hango baban yarinyar can baya cikin kayansa na coci. Katafila ta taso, yara biyu a ciki suna gurnani. Yarinyar ta ruga, tsumman ya harɗe ta, ta faɗi da gaske a gabana, gwiwarta na jini. Zauren ya ɓarke da dariya, har da masu share hawaye. Raina ya ɓaci, har yau ma yana ɓaci.

Madam ta karɓi lasifika ta nuna dattijon.

"Baba, tashi a gan ka. Yaya ka ga 'yarka?"

Ya miƙe ya cire hula. Ya dubi yarinyar a ƙasa, ya dubi Madam.

"Ta iya, ranki ya daɗe. Baɗi ma a ba ta."