Garba Mai Neman Mari

Duk wanda ya zauna a London shekarun nan da kuɗin fetur ya ɓalle ya san ba a gaisawa da Garba Marini a rabu lafiya. Kana miƙa masa hannu zai tsallake hannun ya cafki hannun rigarka, ya ja ka bakin taga, ya murza yadin da yatsu biyu yana ƙanƙance ido. Sai ya gama da rigar sannan ya tuna akwai mutum a ciki.

"Wa ya sayar maka da wannan da sunan shuɗi?"

"Garba, ina kwana tukuna."

"Lafiya lau. An cuce ka. Wanki biyu zai koma ruwan toka."

Abin haushin, sai ya koma ɗin!

Taubashina ne, ɗan kawuna, saboda haka ina da lasisin faɗin duk abin da zan faɗa, ko yana raye ma a gabansa nake faɗa. Gidansu marina ne tun kaka da kakanni a Kano. Shi boko ya ɗauke ya jefa London, ya zama tafinta, yana raka manyan alhazai wajen likitoci a Marylebone, yana fassara musu "a rage cin nama", su kuma suna cewa bai iya Turanci ba. Ni kuwa kwas aka turo ni. Na sauka a flat ɗinsa a Tottenham da niyyar sati biyu, sai da na ga sanyi uku.

Ranar da na sauka na tarar ana cin abinci a ƙasa, ga kuma teburin cin abinci ƙato a tsaye. Na leƙa kan teburin, na ja da baya ina salati. Mutane ne! 'Yan mitsi-mitsin mutane na dalma, kowanne bai kai ɗan yatsana ba, da bakansu da kwarinsu, sun yi sahu, su sittin cif.

Ashe Garba ya shiga wata ƙungiya ta tsofaffin Turawa masu taruwa ran Asabar da rana a ɗakin taron unguwa. Su shimfiɗa koren bargo, su jera irin waɗannan sojoji, su ɗauko 'ya'yan ludo da tef ɗin tela, su sake gwabza wani yaƙin basasa da sarakunan Ingila suka gama tun shekara ɗari biyar. Mutane da furfurarsu! A wancan zamanin, in ji Garba, kowane basarake yana ɗinka wa yaransa riga mai launi biyu don a san na gidan wa ne, kamar ja da kore na dogarai.

Na ce, "Au, anko ke nan."

Ya ce, "Bawana, in ka ƙara cewa anko a baranda za ka kwana."

To ga inda matsalar take. Dokar ƙungiya, sojan da ba a gama yi masa fenti ba ba ya hawa bargo. Maharban Garba kuwa an rubuta a tsofaffin takardu cewa rigarsu rabi shuɗi ce, rabi wani launi da Turawa ke rubutawa murrey, amma a baki "mari" kake ji. Shuɗi ai a cikinsa aka haifi Garba, kwana biyu ya gama da shi. Marin nan ne ya gagara. Wannan littafi ya ce ja ne mai duhu, wancan ya ce ya fi kusa da shunayya, hotunan kuma duk baƙi da fari. Garba ya rantse ba zai ɗora buroshi ba sai ya ga launin da idonsa. Shekara uku bayin Allahn nan suna tsaye da rabin riga, rabin jiki dalma tsirara, shi kuma duk Asabar aikinsa a ƙungiya dafa wa mayaƙa shayi.

Wata Juma'a an sauko daga masallaci a Regent's Park, wani dattijo, babban ma'aikacin gwamnati, ya tare shi.

"Malam Garba, kwana biyu ka yi wuyar gani. Lafiya?"

"Wallahi, ranka ya daɗe, mari nake nema. Na zaga garin nan kaf, har yau ban samu wanda zai ba ni na gaske ba."

Dattijo ya matsa baya taku biyu ya ce Allah ya sawwaƙe. Kafin la'asar labari ya kai ko'ina cewa sanyin Ingila ya taɓa kan Garba. Da na ba matarsa Hajiya Rabi labari, ko kai ba ta ɗago daga tuƙin tuwon semo ba. Ta ce wa Garba, "Malam, da ba don darajar aure ba, ai da tuni ka samu a gida, ba sai ka je laburare ba."

Ga shi da tsimi, ba a magana. Lokacin da 'yan uwanmu ke zuwa da jirgi don sayen labule kawai su koma, Garba a murfin kwalbar madara yake dama fenti. Buroshin kanti kuwa wai ya yi kauri, ba ya fitar da gira. Sai ya koma bin kyanwar maƙociyarmu da almakashi. Har na bar gidan, kyanwar nan in ta hango farar hula sai ta haye katanga.

Akwai wani Alhaji ɗan kwangila da Garba ya raka asibiti, ya biyo shi gida cin tuwo. Ya ga teburin, ya ga 'yan mutanen dalma a jere, ga littattafai masu tsohon rubutu, ga 'ya'yan ludo a kofi. Ya ci tuwo a ladabce, ba kamar yadda ya shigo ba. Da zai tafi sai ya ja Garba gefe yana raɗa.

"Malam, ashe kai ma kana taɓa aiki. Akwai wani babban sakatare a Ikko da ya zauna a kan takardata. A ƙera min shi."

Garba bai gane ba. Ya ce, "Wane launi yake sawa?"

"Farar shadda."

"Fara ƙal ko mai ruwan madara?"

Alhaji ya juyo ya dube ni ya ce, "Ka ji masu ilimi." Ni kuwa ina bayan ƙofa na toshe baki da hula.

Har coci sai da ya kai ni. Wai a wani ƙauye akwai tsohuwar taga mai gilashi kala-kala da aka zana wani mayaƙi da irin rigar. Muka hau jirgin ƙasa, ni da shi da manyan riguna, ina ta addu'a kada wani ɗan Kano ya gan mu a kai rahoto gida. Limamin cocin ya karɓe mu hannu biyu, ya ɗauka kamu ya yi. Garba ya hau benci ya manna ido a gilashi. Da rana ta fito ya ce ja ne. Gajimare ya rufe ya ce shunayya ne. Rana ta dawo ya ce ja ne. A Ingila fa! Muka yi awa biyu yana canja magana kamar mai shaidar zur, muka dawo ba mari.

Daga nan shugaban ƙungiya, wani tsohon ma'aikacin gidan waya mai suna Mista Dennis, ya gaji. Ya ce babban yaƙin shekara ƙarshen watan Agusta ne, an ware wa Garba ɓangaren dama. In maharbansa ba su sa riga ba, za a ba wani wurin, kuma ba za a sake ware masa ba. Ya ce, "Ka haɗa ja da ɗan shuɗi mana, Garba, wa zai sani?"

Garba ya ce, "Ni."

Saura sati biyu wata tsohuwa a laburare, wadda ina jin ta gaji da ganinsa ne, ta ce masa kalmar daga sunan wani ɗan itace ta fito, malberi. Garba ya shigo gida yana haki.

"Bawana, mun yi wauta! Launi in an ba shi sunan abu, ai abin ake zuwa a duba. Mai son ganin ruwan goro laburare yake zuwa? Goro yake taunawa!"

Mista Dennis ya kwatanta mana wata tsohuwar bishiya a wani lambun ƙaramar hukuma, kuma aka yi sa'a lokacin nunarta ne. Daga masallaci muka wuce, Garba cikin farar shaddarsa ta sallah, wadda Hajiya ta kwana biyu tana guga. Na ce ya tsinki ɗaya mu tafi. Ina! Ɗan Kano ya ga bishiya da 'ya'ya. Ya kama reshe ya girgiza kamar magarya. Jama'a, ruwan sama aka yi! Abin ga laushi, yana taɓa ka ya fashe. Kafin ka ce me, daga hula har takalmi Garba ya koma kamar wanda ya yi aikin layya shi kaɗai.

Mai gadin lambu ya taho a guje yana busa usur. Garba ya tare shi da ƙirji, ya baza riga da hannu biyu, yana dariya yana cewa da Turanci, "Duba! Shekara uku!" Bature ya dubi rigar, ya dubi fuskar, ya mayar da usur aljihu ya ce mu bi ta ƙaramar ƙofa.

A jirgin ƙarƙashin ƙasa kuwa mutane suka dare mana, muka samu wurin zama har na miƙe ƙafa. Wata tsohuwa ta dafa shi tana tambaya ko a kira motar asibiti. Na duba rigar na ga ɗigon kala uku ne, na ɗanye ja, na nunanne baƙi-baƙi, ga na tsakiya. Na ce, "To, sarkin marina, wanne ne marin?"

Ya ce, "Jahili. Sai ya bushe ake duba rini."

Ya rataye rigar a falo kwana biyu, ya ce duk wanda ya kusance ta da sabulu bai yafe ba. Rana ta uku da hantsi ya kira mu, ya nuna wani tabo a kafaɗa. Ya ce, "Ga shi. Wannan shi ne mari."

Hajiya Rabi ta matso, ta duba, ta riƙe haɓa.

"Malam, yanzu jinin kare ne ka shekara uku kana nema? Ai ina da zani biyu irinsa a akwati!"

Garba ya dubi tabon, ya dubi matarsa, ya sake duban tabon. Can ya gyara murya ya ce, "Jinin kare ne. Amma na Ingila."

Cikin kwana tara ya suturta su sittin ɗin. Ran yaƙi na bi shi don kada a ba ni labari. Ya jera maharbansa a ɓangaren dama, tsofaffin nan suka zagaye su da tabarau suna jinjina kai. Mista Dennis ya tambayi sunan launin da harshenmu, Garba ya fassara masa, Bature ya yi dariya har da tari, ya sa aka rubuta masa "jinin kare" da Hausa a murfin gwangwanin fentinsa.

Aka fara. Garba ya karkaɗa ɗan ludo ya jefa: ɗaya. Ya sake: ɗaya. Dawakan Mista Dennis suka bi ta kansu. Shayin da aka zuba min bai huce ba aka gama da su, ba wanda ya tsira. Shekara uku, minti ashirin!

Na shirya tsiya mai kyau zan yi masa a hanya. Sai na ga yana ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya, yana naɗe kowanne a auduga yana sawa a kwali, fuskarsa fes kamar shi ya ci. Na ce, "Garba, don Allah, duk wahalar nan ta mece ce?"

Ya ce, "Mutanen nan an yi su da gaske fa. Talakawa ne, aka ɗauko su daga gona aka ba su riga aka ce su je su mutu. Na karanta takardun nan kaf, ba wanda ya rubuta sunan ko ɗaya. Launin rigar kaɗai aka rubuta. In na sa musu wadda ba tasu ba, me ya rage musu?"

Tsiyar da ban yi ba ke nan har yau, ga shi damina ta bana ta tafi da shi.

Allah, ga Garba nan ya zo gare ka. Ya ƙi yarda a manta da waɗanda bai taɓa gani ba, kada ka bar shi cikin waɗanda aka manta. Ka suturta shi da rahamarka, ka haskaka kabarinsa, ka ba Hajiya Rabi da yara haƙuri. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.